Yadda za ka ziyarci gidan sassaƙar yashi na Tottori ba tare da ka tarar da ƙofa a rufe ba

Akwai wani gidan kallo a ƙasar Japan, a garin Tottori, wanda duk abin da ke cikinsa da yashi da ruwa aka yi shi, fadoji da dawakai da fuskokin sarakuna da jiragen ruwa, wasu sun fi tsayin gida mai hawa ɗaya, kuma duk shekara da kansu suke sa hannu su rushe komai su sake sabo. Wannan rushewar ita ce abin da ya kamata ka fara sawa a ranka kafin ka sayi tikitin komai, don ita ce ke yanke maka lokacin tafiya, ita ce kuma ke sa hotunan da ka gani a intanet ba lallai su zama abin da za ka tarar ba. Toh bari mu bi abin daki-daki.

Abu na farko, ka tabbatar wane gidan kake nufi

Wannan kamar wasa ne amma mutane na ruɗewa. A gaɓar tekun Japan ɗin nan akwai gidajen yashi guda biyu. Na Tottori shi ne na sassaƙa, 'yan ƙasar suna ce masa Suna no Bijutsukan. Ɗayan yana Nima a jihar Shimane, maƙwabciyar Tottori ta yamma, shi kuma abin da ya yi suna da shi wani ƙaton agogon yashi ne na gilashi da ke ɗaukar shekara guda cur kafin yashin ya gama zubowa. Yana da kyau shi ma amma ba sassaƙa ba ce, kuma tsakaninsu tafiyar awanni ce, saboda haka in kana nema a taswirar waya ka haɗa da sunan Tottori.

Na Tottori an buɗe shi a watan Nuwamban 2006, da farko a fili da cikin tanti ake yi, sai a 2012 aka gama ginin dindindin mai rufi, shi ya sa ake kiransa gida na farko a duniya da aka gina musamman don nuna sassaƙar yashi a ƙarƙashin rufi. Mutumin da ke jagorantar aikin sunansa Katsuhiko Chaen, shi ne yake tsara fasalin baje kolin ya gayyato masu sassaƙa daga ƙasashe daban daban, kamar mutum 15 zuwa 20 a kowane zagaye.

Na biyu, lokaci, nan ne ake yin kuskure mafi tsada

Baje kolin yakan fara ne a watan Afrilu ya kai har farkon Janairu. Daga nan sai a rufe, a rushe, a sake tara yashin a fara sabon aiki. Ma'ana in ka sauka Tottori a Fabrairu ko Maris to babu abin da za ka gani a babban zauren, shikenan ka tafi kallon teku. Ranar buɗewa tana ɗan motsawa daga shekara zuwa shekara, kuma a lokacin korona jadawalin ya hargitse gaba ɗaya, don haka dole ka shiga shafin gidan ka duba ranar farko da ranar ƙarshe na shekarar da za ka je, kar ka dogara da abin da wani ya rubuta shekara uku da suka wuce, har da wannan rubutun nawa.

Kowace shekara da ƙasa ko yankin da ake ɗauka, taken gaba ɗaya shi ne yawon duniya ta cikin yashi. Sun fara da Italiya a 2006, sun yi Afirka a 2010, Birtaniya a 2012 shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Landan, Rasha a 2014, Jamus a 2015, Amurka a 2017, Masar ta zo a 2022, Faransa a 2024. Ka duba taken shekararka tun kana gida ka ɗan karanta tarihin wurin ko na awa ɗaya ne, wallahi bambancin da yake kawowa ba kaɗan ba ne, don in ba ka san labarin da ake nunawa ba sai ka yi ta cewa kai wannan ya yi kyau, wancan ma ya yi kyau, ka fito cikin minti ashirin.

A cikin watannin da yake buɗe ɗin, ni dai shawarata tsakiyar Mayu ko Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu hutun da suke kira Golden Week ne, duk Japan na kan hanya, otal ya yi tsada jirgin ƙasa ya cika. Tsakiyar Agusta ma haka saboda hutun Obon, ga zafi mai gumi. Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce, cikin gidan babu matsala tunda da rufi amma babban tudun yashin bakin teku da ke waje kusa da gidan ba zai yi daɗin yawo ba. Disamba akwai sanyi sosai har da dusar ƙanƙara, wannan ɓangaren na Japan haka yake da hunturu, in kana son ganin ƙanƙara a kan yashi toh ga dama, amma ka zo da rigar sanyi ta gaske.

Yadda ake isa

Biza tukuna, yawancin fasfo na ƙasashen Afirka sai da biza ake shiga Japan, kuma sukan nemi jadawalin tafiya rana-rana, ka rubuta Tottori a ciki da otal ɗin da za ka kwana.

Tottori ba ta kan layin jirgin nan mai gudun tsiya wato Shinkansen, jihar da garin yake ciki ma, ita ma sunanta Tottori, ita ce ta fi kowace ƙarancin mutane a Japan. Daga Osaka akwai jirgin ƙasa mai suna Super Hakuto, kusan awa biyu da rabi zuwa tashar Tottori. Daga Okayama akwai Super Inaba, bai kai awa biyu ba. Abin lura ga mai amfani da katin jirgin ƙasa na kamfanin JR na 'yan yawon buɗe ido na ƙasa baki ɗaya, wani yanki na hanyar nan na wani kamfani ne daban mai suna Chizu Express, saboda haka za a nemi ka yi ciko, kar ka ɗauka cutarka ake yi. Daga Tokyo kuwa jirgin sama ya fi, daga filin Haneda awa ɗaya da 'yan mintuna.

Da ka fito tashar Tottori tashar bas tana nan gaba kaɗan. Ka nemi mai zuwa Sakyu, wato tudun yashi, kusan minti 20 ne, kuma akwai wurin tsayawa daidai gaban gidan. Ranakun Asabar da Lahadi da ranakun hutu akwai wata bas ta 'yan yawo mai suna Kirinjishi da ke zagayawa ta can. Yadda ake hawa bas a irin waɗannan garuruwan yana rikita baƙo, ta ƙofar tsakiya ko ta baya ake shiga, ka zari ɗan tikiti mai lamba, akwai allo a gaba da ke nuna kuɗin kowace lamba, sai in za ka sauka ka zuba kuɗin daidai a akwatin da ke gefen direba. Ka riƙe sulalla da takardar yen 1,000, yen shi ne kuɗin Japan, injin canji baya karɓar manyan takardu. Babbar jaka kuma ka bar ta a akwatunan ajiya na tasha, jan akwati a kan yashi wahala ce kawai.

Kuma tun kana sauka ka ɗauki hoton jadawalin bas na komawa, ba kamar Tokyo ba ne da wata na tafiya wata na zuwa.

Tikiti da shiga

A shekarun bayan nan kuɗin shiga yen 800 ne ga babba, ɗalibai rabin haka, ana buɗewa ƙarfe 9 na safe a rufe 6 na yamma, ana daina karɓar masu shiga rabin awa kafin rufewa. Ka sake dubawa kafin ka je don irin wannan na canzawa. In da hali ka shiga da an buɗe, kafin manyan motocin ƙungiyoyi su fara sauke mutane, ko kuma can bayan ƙarfe uku. Ka ware awa ɗaya da rabi ko biyu.

Wani abu da ya kamata a faɗa tun yanzu, mafi yawan ayyukan siffofin mutane da dabbobi ne, wani lokaci har da siffofin abubuwan bautar ƙasar da ake nunawa, a shekarar Masar misali fir'aunoni ne ko'ina. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kallon mutum-mutumi ba gara ya sani tun kafin ya biya kuɗi, tudun yashin da ke waje kyauta ne kuma shi kaɗai ma ya isa dalilin zuwa.

Ka san yadda ake yin abin, sai idonka ya buɗe

Nan zan daɗe, don ni a ganina wanda bai san wannan ba rabin kallo ya yi.

Ba tara yashi ake yi a yi ta mulmulawa da hannu ana ɗorawa ba. Da farko ana haɗa katako kamar akwati marar gindi, a zuba yashi kaɗan, a kwarara ruwa, a danne da injin daddaɓe ƙasa, a sake zuba wani a sake dannewa, kamar dai yadda ake daɓen ɗaki, har akwatin ya cika. Sai a ɗora ƙaramin akwati a kansa a sake yin haka, a ɗora wani, har abin ya zama kamar dala mai matakala. Abin da ke cikin katakon yanzu ya zama dunƙule mai tauri. Sannan mai sassaƙa ya hau can ƙololuwa ya cire katakon sama ya fara aiki daga nan, in ya gama ya cire na ƙasa da shi, haka haka har ya sauko ƙasa. Dalilin farawa daga sama biyu ne, katakon ƙasa shi ne abin takawarsa, kuma yashin da yake kankarewa ƙasa yake zubowa, in ya fara daga ƙasa zai ɓata abin da ya gama. Illar ita ce in ya sauko ba komawa sama, ba inda zai taka. Duk fuskar da ka gani can sama an gama ta tun ba a san yadda ƙafar za ta fito ba, sai dai a zane da kuma cikin kan mai aikin.

Kayan aikin kuma ba wasu na ban mamaki ba ne, shebur don manyan yanka, cokalin magina, ƙananan wuƙaƙe irin na masu zane, buroshi, da ɗan bututu da ake hure ɓurɓushin yashi da shi daga cikin ido ko gashin gemu.

Me ke riƙe shi? Ruwa da matsi. Ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi yana janyo su su manne, kuma in an danne sosai ƙwayoyin na shiga tsakanin juna su cije. Shi ya sa ba kowane yashi ke yi ba, mai laushi ƙanana kuma mai kusurwa-kusurwa ya fi wanda ruwa ya goge ya zama mulmulalle. A wasu bukukuwan da ake yi a fili ana fesa gam da aka tsinka da ruwa a saman aikin saboda iska da ruwan sama, amma a Tottori abin da suke alfahari da shi kenan, yashi da ruwa kawai. Yashin da ake amfani da shi a zagaye ɗaya yana kai kusan tan 3,000, kuma shi ɗin dai ake sake jiƙawa a yi aikin shekara mai zuwa da shi.

Toh da wannan a kanka, ga abin da za ka riƙa nema. Yashi yana jure nauyi daga sama amma baya jure a bar shi yana reto babu abin tallafi. Don haka ka kalli hannaye, za ka ga kusan kullum hannun yana manne da jiki ko yana riƙe da wani abu, mayafi ko sanda ko wuyan doki, wanda a gaskiya shi ne ginshiƙin. Ka kalli ƙafafun dawakai, tsakaninsu ba a huda ba, an cike da ciyawa ko ƙura ko igiyar ruwa. In kuwa ka ga inda aka huda rami ya fita ta ɗaya gefen, ko baka mai faɗi, ko hanci da haɓa da suka fito sosai, ka tsaya nan ka daɗe, wurin ne mai aikin ya yi kasada. Sannan launi ɗaya ne tak, babu fenti, duk abin da kake gani kamar baƙi ko fari inuwa ce, mai sassaƙa yana zurfafa yanka inda yake son duhu, yana barin wuri sumul inda yake son haske, ƙwayar ido ma rami ne kawai. Manyan gine-ginen da ke bango can baya kuma in ka leƙa ta gefe za ka ga ba su da kauri yadda ka zata, dabarar zane ce ta sa abu ya yi kamar yana da nisa.

Tsarin zagayawa

Ka yi zagaye biyu. Na farko a ƙasa, waya a aljihu, kana karanta allunan bayani, akwai sunan mai aikin da ƙasarsa, kuma bayan 'yan ayyuka za ka fara gane hannun mutane, wani gwanin fuska ne wani gwanin gini da layi madaidaici. Sai ka hau bene, akwai baranda da ke kallon zauren daga sama, daga nan ne kake ganin yadda aka jera komai ya zama labari ɗaya da kuma girman abin in ka kwatanta da mutanen da ke tsaye a gindinsa. Sai ka sauko zagaye na biyu na hoto.

Ana ɗaukar hoto. Ka kashe filashi ko ba a hana ba, don haske daga gaba yana kashe inuwar da ita ce ainihin aikin, hoton sai ya fito kamar bango. Ka tsaya ta gefe inda fitila ke faɗowa a karkace, ka sa mutum a cikin wasu hotunan don girman ya fito. Sandar ɗaukar hoto da mai ƙafa uku ka tambayi ma'aikata tukuna.

Taɓawa haramun ce a nan, kuma ba tsaurin banza ba ne, saman aikin ya bushe, yatsa ɗaya ya isa ya zubar da kunci guda. Mai yara ya riƙe hannunsu gam, jakar goyo kuma a dawo da ita gaba, yawancin ɓarnar da ake yi ba da gangan ba ce, juyawa mutum zai yi jaka ta goga. In ka ga 'yar tsaga ko inda ya ɗan zube musamman a ƙarshen shekara ba sakaci ba ne, haka kayan yake.

Kafin ka fita akwai wurin tsayawa a waje da ke hango tudun yashi da teku, da kanti na tsaraba.

Tudun yashin kansa

Daga gidan da ƙafa ake zuwa. Yankin ya kai kilomita 16 a tsawo, faɗinsa kamar 2.4, kogin Sendai ne ya kwaso yashin daga duwatsun Chugoku ya zuba a teku, teku da iska suka dawo da shi gaɓa cikin dubban shekaru. Babban tudun da kowa ke hawa suna ce masa Umanose, wato gadon bayan doki, mita 47, daga nesa kamar ba komai amma hawansa sai ka yi haki. Da sassafe kafin a tattake ake ganin zanen da iska ke yi a kan yashin, wannan ne dalilin da zan ce ka kwana a Tottori maimakon ka zo daga Osaka ka koma a rana ɗaya.

Wurin yana cikin gandun ƙasa na San'in Kaigan kuma da dokoki. Ba a ɗibar yashi a tafi da shi ko cikin kwalba ne. Rubutu ko zane a kan tudun an hana tun 2009, tara na iya kaiwa yen 50,000, don haka batun rubuta sunan masoyiya da manyan baƙaƙe a ɗauka a hoto a manta da shi. Da rani yashin yana wuce digiri 50, kar ka cire takalmi, ka riƙe ruwa da hula don babu inuwa ko ɗaya. Akwai raƙuma na hawa da na hoto, na kuɗi ne, har hoton ma ka tambaya kafin ka ɗaga waya. Cibiyar baƙi da ke bakin shiga tana da wurin wanke ƙafa da bayanin yadda tudun ya samu.

Abinci da sallah

Tottori ba Tokyo ba ce wajen abincin halal, ka shirya. Kifi da kayan teku suna da yawa, kaguwa da hunturu, amma miya da romo sau da yawa akwai giyar girki ko naman alade a ciki, ka rubuta tambayarka da Japananci a waya ka nuna. Abin da yankin ya yi suna da shi shi ne wani nau'in 'ya'yan itace da suke kira nashi, mai ruwa da garɗi, har askirim ɗinsa ana sayarwa a shagunan bakin tudun, da kuma rakkyo, wata 'yar ƙaramar albasa da ake nomawa a cikin yashin a jiƙa a ruwan tsami, gonakinta suna fure ja-ja mai shuɗi-shuɗi a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Sallah kuwa ka zo da 'yar dardumarka da manhajar alƙibla, ka nemi gefe mai natsuwa, in cikin gini ne ka nemi izini.

In Japan ta yi maka nisa

Akwai wasu wuraren. A Indiya akwai gidan sassaƙar yashi a Mysuru kusa da tsaunin Chamundi, wata mai fasaha M. N. Gowri ta yi shi aka buɗe a 2014, ya fi na Tottori ƙanƙanta sosai. A yankin Algarve na kudancin Fotugal ana yin babban baje koli a fili tun 2003. A Blokhus ta Denmak ne aka gina fadar yashi mai tsayin mita 21.16 a 2021 da ta shiga kundin Guinness. Duk inda ka zaɓa cikinsu tambayoyin da za ka yi kafin ka tashi iri ɗaya ne, yaushe ake buɗewa yaushe ake rushewa, da rufi ko a fili, kuma in a fili ne ka je a farkon lokacin kafin ruwa da iska su cinye hantuna da yatsu, ka kuma zaɓi safiya ko la'asar sakaliya, don rana tsaka tana faɗowa daga sama ta shafe inuwa ta bar maka hoto marar fasali da ciwon kai.